Amsar Baffa: Wa Ke Fara Sa Hannu a Kwano?

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma na ji daɗin tambayar. Ka ce a makarantar horon hafsoshi ta NDA da ke Kaduna an koya muku cewa hafsa ba ya cin abinci sai yaransa sun ci, alhali a gida an tarbiyyantar da ku a kan yaro ba ya riga babba sa hannu a kwano. Kana so ka san wanne ne daidai, ko kuwa aikin soja ya zo ne ya kife al'adarmu.

Bai kife komai ba. Ka tuna tuwon dare a zauren kakanka, Allah ya jiƙansa. Gaskiya ne shi ke fara yin bismilla ya gutsura. Amma ka taɓa ganin ya suɗe akushi? Loma biyar ko shida sai ya janye hannu. Naman miya shi ke yayyaga shi, ya tura wa kowa nasa. Kafin ma ya zauna sai ya tambaya ko an kai wa baƙon da ya sauka, ko almajiran ƙofar gida sun samu. Abin da ya rage kuwa na auta ne, ba mai taɓawa. An ba shi hannun farko ne don shi ke da rabo. Mutanen yanzu sun riƙe wannan fifikon da kyau, sun yar da rabon, shi ya sa kake ganin kamar akwai saɓani.

Ni a Daffo ta Zariya na yi kurtu, amma sai a Laberiya na gane wannan magana. Dakarun ECOMOG, wato rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, sun sauka a Monrobiya a watan Agusta na 1990, mu muka bi bayansu. Akwai wani kyaftin namu, duk lokacin rabon abinci sai ya tsaya a gindin tukunya da langarsa a bayansa, yana ƙirga kawuna. Sai ya aika a kira waɗanda ke gadi, a ɗebe wa masu zazzaɓi nasu. Wata rana shinkafa ta ƙare saura mutum uku, shi ne na huɗu. Ina kallo ya jiƙa garin rogo a murfin langa, ba sukari, ya zauna a kan akwatin harsashi ya sha tare da su. Washegari kuwa bai bar masu kula da kayan abinci sun huta ba sai da buhu ya iso. Tsayuwar nan a gindin tukunya ita ke sanar da shi wanda ya rame, da wanda ya daina magana, da wanda takalminsa ya yage. Mun kuma yi wani hafsan da ake kai wa kaza ɗaki a rufe. Muna ƙamewa mu sara masa, domin doka ce, amma in ya ce a tashi, sai ka ga ƙafafu sun yi nauyi.

Kada ka ɗauka zancen da ne. A watan Mayu na 2014, a barikin Maimalari na Maiduguri, sojoji suka harbi motar kwamandansu bayan an kawo gawawwakin 'yan'uwansu da aka yi wa kwanton ɓauna. Abin da suka yi laifi ne babba, kotun soja ta hukunta su, ban kuma goyi bayansu ba. Amma soja ba ya kai wa nan dare ɗaya. Sai ya daɗe yana jin an manta da shi. A wannan yaƙin na Boko Haram dai aka yi Laftanar Kanal Muhammad Abu Ali, wanda yaransa ke kira Sarkin Yaƙi. Yana cikin tankarsa a sahun gaba lokacin da aka ƙwato Baga a 2015, kuma a bakin daga ya rasu, a Malam Fatori, cikin Nuwamba 2016. Har yau in aka ambace shi a gaban waɗanda suka yi aiki da shi, sai ka ga ido ya kawo ruwa.

Mu ma ba a bakin Bature muka fara jin wannan ba. A shekarar fari ta 18 bayan hijira, Sayyidina Umar ya haramta wa kansa nama da man shanu har sai jama'a sun samu, ya zauna kan gurasa da man zaitun har launinsa ya sauya.

Na ga kuma yadda ku samari kuke zumuɗin juyin mulkin Mali da Burkina Faso da na Nijar na Yuli 2023, kamar kaki shi ne magani. Na sa kakin nan shekaru, na ga masu tsoron Allah a cikinsa, na ga akasin haka. Da mai kaki da mai babbar riga, ni abu ɗaya nake dubawa. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayu 2023 ake ce wa talaka ya ƙara haƙuri, kuma abin da ke ƙona mini rai shi ne mai faɗin haka ya wuce ka da ayarin motoci yana jiniya.

Ranar da aka ɗaura maka anini, za a ba ka mutum talatin da wani abu, wasunsu sun haife ka. Ka san sunan kowa da garinsu, ka riƙe sajenka da daraja, ka riƙa tambayarsa. In kuma ka zo hutu, ka zauna inda ka saba zama, ka jira mahaifinka ya fara. Ka gaishe mini da abokanka.