Ki rage girman batun, ki tafi inda ƙafarki za ta iya kai ki

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Na ga tambayarki tun jiya, cewa kina ajin ƙarshe a sashen zane-zane, kin kai wa malamin da ke duba aikinki na kammala karatu batu biyu, "Al'adun Hausawa" da "Hawan Sallah a Kano", duk ya mayar miki, ga zango ɗaya kacal ya rage, ga kuɗi ba yawa. 'Yan uwa sun ba ki jerin batutuwa, Allah ya saka musu. Ni ba zan ƙara miki wani jerin ba, don a ganina ba rashin batu ne ke damunki ba. Na yi irin wannan karatu, yanzu kuma ina koyar da zane a sakandare a nan cikin gari, kuma abin da na gani a wurin ɗalibai kusan iri ɗaya ne kullum.

Malaminki bai yi miki mugunta ba. "Al'adun Hausawa" ya haɗa aure da suna da sarauta da noma da abinci da sutura, wanne za ki ɗora a kan allo ɗaya? Mai irin wannan batu yakan ƙare da zana mace tana daka, ga ƙwarya a gefe, ga dagi a sama, abin da malamin ya gani har ya gaji. Hawan Sallah kuwa matsalarsa daban. Abu ne babba, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2024, amma sau biyu ake yinsa a shekara, wata shekarar ma a ɗage shi. Idan zangonku bai faɗo kan Sallah ba, a ina za ki ga Hawan Daushe? Dole ki koma intanet ki kwaikwayi hoton da wani ya ɗauka, da kusurwarsa da haskensa da duk tunaninsa. Ranar kare aiki mai jarrabawa daga waje zai tambaye ki ina naki a ciki, ki rasa ta cewa.

In dai dokin ne ya shiga ranki, ai ba sai ranar hawa ake ganinsa ba. Masu ɗinkin kayan doki suna nan duk shekara, a Kurmi da cikin unguwanni. Sirdi, linzami, likkafa, jalala, lifidi, kowanne da fasalinsa da launinsa. Ki ɗauki jalala kaɗai, wato shimfiɗar ado ta kan sirdi, ki bi yadda ake jera ja da kore da rawaya a jikinta, za ki samu abin da zai cika miki allo biyar.

Ma'aunin da nake ba ɗalibaina shi ne: za ki iya zuwa wurin abin nan da ƙafa ko da kuɗin adaidaita ɗaya, ki koma duk mako? In amsar a'a ce, ki bar shi ko da ya kai me kyau. Ziyara ta farko ba ta nuna wa mutum komai sai abin da kowa ya sani.

Bari in buɗa miki da marinar Kofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498. Kusan kowane ɗalibi da ya je can hoto ɗaya yake dawowa da shi: dattijo a bakin rijiya yana tsoma zane. Amma wanda ya yi ta komawa zai lura cewa rijiyoyin da aka daina amfani da su suna da yawa, wasu sun cika da ƙasa da leda. Zai lura da yadda zane ke fitowa daga ruwan baba da ɗan kore-kore, sai iska ta buge shi sannan ya koma shuɗi. Zai ga hannun marini, yadda shunin ya zauna a farce da tsagar fata. Zai ji ƙarar 'yan bugu, masu bugun rinannen zane don ya yi sheƙi. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa batu. Wata ɗalibata ta taɓa ɗaukar matakan shuɗin nan kawai: ta rina ƙyallaye, wannan tsomi ɗaya, wancan biyu, har zuwa mai duhu kamar baƙi, ta yanka su ta haɗa su da siffar bakin rijiyoyin, ta bar wasu da'irorin farare a madadin waɗanda suka mutu. Babu fuskar mutum ko ɗaya a aikin, amma duk wanda ya tsaya gabansa ya gane abin da take faɗa.

Wannan ya kawo ni ga abin da ba ki tambaya ba amma na san yana zuciyar ɗalibai da yawa a garin nan, wato zanen abu mai rai. Wasu gidajen ba sa so, wasu ɗaliban su da kansu ba sa sakewa da shi. Ba fatawa zan ba ki ba, wannan na malamai ne. Abin da zan ce kawai, in ba ki sake ba kada ki tilasta wa kanki, don hannun da ke ɗari-ɗari ba ya fitar da zane. Kano cike take da fasahar da ba ta buƙatar fuska: zayyanar allo ta masu sauka, adon bangon Gidan Makama da Gidan Dan Hausa, zanko a kan soraye, aska takwas a ƙirjin babbar riga, zanen ƙwarya, aikin dukawa, lalle, har da rubuce-rubucen bayan manyan motoci. Sai dai ki kiyaye, kwafe ado yadda yake ba shi ne aiki ba. Ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane a kwalejin Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko, abin da suka tsaya a kai shi ne a haɗa fasahar gida da dabarun da aka koya a aji a fito da sabon abu. Okeke zanen uli ya ɗauko, wato adon jiki da bango na Ibo, amma bai tsaya kwaikwayonsa ba, ya mai da shi harshen zanensa.

Idan kin samu abin, ki gwada faɗarsa a jimla ɗaya ga wanda bai karanci zane ba, ko Hajiyarku a gida. "Ina so in nuna yadda badala ke zaizayewa tsakanin ƙofa kaza da ƙofa kaza, da ƙasar wurin zan yi launin." In ta gane, kin samu batu. In sai kin yi ta kewaye-kewaye, da saura.

Sai tsari. Makonnin farko na littafin zane ne, ki je wurin ki zauna ki yi ta zanen gaggawa, ki rubuta abin da masu sana'ar suka gaya miki da sunayen kayan aikinsu. Ki fara gaida babban wurin, ki faɗi makarantarku, ki nemi izini kafin ki ɗaga waya, kuma ki tafi da ɗan abin goro. Littafin nan shi ne shaidarki ranar karewa, kuma rabin rubutun rahotonki daga cikinsa zai fito. Shi za ki kai wa malaminki a zuwa na gaba maimakon take a takarda. Malami yana iya ƙin take, amma da wuya ya ƙi shafi ashirin na zanen da aka yi a wurin.

Daga nan ki yi ƙananan gwaji kafin ki sayi babban allo. Ki lura da yanayi: da hunturu fentin akirilik yana bushewa a kan buroshi kafin ki gama shafawa, yumɓu kuma yana tsagewa in ba ki lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma da leda ba. Fentin mai yana ɗaukar kwanaki kafin ya bushe, ƙura kuma tana manne masa, don haka kada ki bar shi sai makon ƙarshe. In aikin na buƙatar wuta, kamar walda ko injin yanka, ki lissafa da kuɗin janareto tun yanzu.

Maganar kuɗi, fentin waje ya yi tsada, kowa ya sani. Amma jar ƙasa da gawayi da baba da lalle duk launi ne, ƙaro kuma shi ke riƙe launin, ragowar atamfa kuma teloli na zubarwa. El Anatsui, ɗan Ghana da ya daɗe yana koyarwa a jami'ar Nsukka, da murafen kwalabe ya yi ayyukan da duniya ta san shi da su. Sharaɗin kawai kayan su dace da maganar da kike yi, ba don araha kaɗai ba. Ki ware kuɗin firam da na ɗaukar aikin zuwa wurin baje koli, kuma ki auna faɗin ƙofar ɗakinki kafin kafinta ya haɗa katakon, na taɓa ganin allon da sai da aka kwance shi kafin ya fita.

Ki rubuto mana unguwar da kike, ba sai adireshi ba, da kuma ɓangaren da hannunki ya fi faɗawa, fenti ne ko yadi ko yumɓu. Daga nan sai mu taya ki duba abin da ke kusa da ke.