Ga mai shirin karatu a Caen: apple brandy ba ruwan tuffa ba ne

Ƙanena, ka ce ka samu gurbin karatu a Caen ta ƙasar Faransa, ka ga apple brandy cikin abubuwan da yankin ya yi suna da su, kana tambaya ko ruwan tuffa ne. A'a, barasa ce mai ƙarfi, kuma gara ka san haka tun kafin ka sauka.

Ana matse tuffa, a bar ruwan ya tsimu har zaƙinsa ya koma giya. Wannan shi ne cidre, ƙarfinsa kashi 2 zuwa 6 cikin 100. Daga nan a dafa shi a tukunyar jan ƙarfe, a tara tururin ya huce, don barasa tana riga ruwa tashi. Abin da ya taru a ɗura shi a gangar katako ya yi aƙalla shekara 2. A Normandi, yankin da Caen take, Calvados ake ce masa, sunan jihar da Caen ke zaman hedikwatarta, 'yan gari kuma su ce calva. Ƙarfinsa ba ya gaza kashi 40 cikin 100. Amurkawa suna da nasu, applejack.

Kwalba ba ta ruɗin kowa, za ka ga an rubuta 40% vol a jikinta. A abinci ne mutanenmu ke faɗawa. Duk nama ko kaza da aka ce à la normande, yawanci an dafa da cidre ko calva. Haka tumbin sa da ake kira tripes à la mode de Caen. A walimar biki ana kawo ƙanƙarar tuffa a tsakiyar cin abinci, trou normand, calva ce aka kwarara a kai. Ana ɗiga ta har a kofi da cikin cakulan.

Mai kawo abinci zai ce maka wuta ta cinye barasar. Da zuciya ɗaya yake faɗa, amma ba haka ba ne. Jadawalin ma'aikatar noma ta Amurka ya nuna idan aka kunna wa abinci wuta a kasko, kusan kashi 75 na barasar na nan. Bayan minti 15 ana dahuwa, kashi 40. Sai an yi awa biyu da rabi take sauka zuwa kashi 5. Don haka kada ka tambaya ko akwai giya a ciki, tambayi ko an zuba cidre ko Calvados wajen girki.

In ruwan tuffa zalla kake so, nemi jus de pomme. Cidre doux ma, duk da zaƙinsa, giya ne. A Ingila cider giya ce, a Amurka kuwa apple cider ruwan tuffa ne, mai bugarwar hard cider suke ce masa. Vinaigre de cidre shi ne ruwan khal na tuffa, wanda yawancin malamai suka halatta.