Amsa ga ƙanena mai son karatun injiniya a Waterloo

Salamu alaikum, ƙanena. Na ga saƙonka. Ka ce kana aji shida na sakandare, kai ne na ɗaya a lissafi da fizis, kuma kana tambaya ko Jami'ar Waterloo da ke nan lardin Ontario na Kanada za ta ɗauke ka a fannin injiniyan manhaja.

Gaskiya ɗaya ce: ka zaɓi ƙofar da ta fi kowace ƙunci. A Waterloo ba a neman tsangayar injiniya a dunƙule, fanni guda kake nema tun daga farko, kuma da masu neman wannan fannin kaɗai za a auna ka. Manhaja da kwamfuta da mekatroniks (haɗin ilimin injina da lantarki da kwamfuta) nan ne cunkoson yake, inda yaran Kanada masu maki casa'in da wani abu cikin ɗari ke komawa gida hannu rabbana. Injiniyan gine-gine da na muhalli da na sinadarai sun fi sauƙin shiga, ko da yake su ma ba a banza ake samunsu ba.

Maki kaɗai ba ya kai mutum. Bayan ka nema ta OUAC, wato cibiyar karɓar takardun neman shiga jami'o'in Ontario, akwai fom ɗin da suke kira AIF, inda za ka faɗi abin da ka taɓa yi da hannunka, sannan akwai hira ta bidiyo. A wannan matakin yaranmu suke faɗuwa, don an koya mana cewa faɗin abin da ka iya yabon kai ne. Babarka ta ce kai ke gyara sola da injin ban ruwa na unguwarku. To, wannan shi za ka rubuta, dalla-dalla, har da ranar da ka ƙona wayar lantarki ka sake haɗawa. Ka kuma nemi tsofaffin tambayoyin gasar lissafi ta Euclid, wadda jami'ar ke shiryawa a watan Afrilu. Suna nan kyauta a intanet, kuma za su nuna maka matsayinka fiye da kowane gwaji na makarantarku.

Sai batun lokaci. Ana rufe neman gurbi tun farkon shekara, sakamakon WAEC kuwa sai wajen Agusta, ga karatu na farawa a Satumba, ga biza a tsakani. Ni da zan ba ka shawara, ka bari sakamakon ya zo hannu, ka nema a zagaye na gaba.

Amma abin da ya fi damuna ba ka ambace shi ba ko sau ɗaya: kuɗi. Ɗalibin waje a injiniya yana biyan sama da dalar Kanada 60,000 a shekara, ban da ci da kwana. Tun 2024 gwamnati ta taƙaita yawan bizar ɗalibai, kuma sai ka nuna fiye da dala 20,000 na zama bayan kuɗin makaranta. E, duk ɗalibin injiniya a Waterloo yana fita aikin koyon sana'a na wata huɗu-huɗu ana biyansa, shi ya sa karatun ke kusan shekara biyar, to amma wannan albashin ba ya ɗauke kuɗin makaranta. Kada wani dillali ya ce maka zai ɗauke. Akwai tallafin Lester B. Pearson na Jami'ar Toronto mai biyan komai na shekara huɗu, sai dai waɗanda ake ba a duk duniya ba su kai arba'in ba a shekara, kuma makarantarka ce za ta gabatar da sunanka.

Ni kaina a Zariya na yi digirin farko, na zo nan a digiri na biyu da tallafin malamin da na yi bincike a ƙarƙashinsa. Saboda haka kada ka yi wasa da JAMB. Ka zauna da Baba ku yi lissafin abin da zai iya fitarwa duk shekara, ka turo min tare da sakamakonka na aji biyar. Ka gaida mutan gida.