Farantina na ɗaukar datti, an ce in ƙara soda: ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ƙaramin shagon ɗab'i a Agege, da injin ɗab'i samfurin GTO ɗaya na hannu da akwatin haska faranti (fallen alminiyam da ake ɗaura wa inji, mai ɗauke da abin da za a buga) da na saya tare da shi. Katin biki nake bugawa, da rasit, da littattafan makarantun Islamiyya. Wata biyu ke nan faranti na ba ni wahala: inda ya kamata ya fita fari sai ya ɗauki tawada, takarda ta yi dusu-dusu. Wani da ya daɗe a Shomolu, unguwar masu ɗab'i a Legas, ya ce ruwan wanki na kamfani ba shi da ƙarfi, in riƙa jiƙa soda ina wankewa da ita. Na yi, datti ya ragu na ɗan lokaci, yanzu kuma rubutun ne ke gogewa tun aiki bai yi nisa ba. Yaron da ke wanke min faranti ma hannunsa ya fara saɓa. Ga aikin kalandar wata makaranta, na karɓi rabin kuɗi. In ƙara sodar ne, ko farantin ne jabu? Hankalina a tashe yake. Daga wani mai karatu, Agege, Legas.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin komai, yaron nan ya daina sa hannu a ruwan sodar daga yau. Maganarsa tana gaba, amma wannan ba ta jiran ƙarshen karatu.

Ban ga farantinka ba, sai dai abin da ka zayyana na san shi sarai, kuma da wuya a ce jabu ne. Tunda soda ta iya wanke shi, irin wanda haske ke kashe shafensa ne: duk inda haske ya ratsa fim (ledar da ke ɗauke da rubutun, wadda ake ɗorawa a kan faranti) ya taɓa, shafen wurin ya yi laushi, ruwan wanki ya ɗebe shi, a bar alminiyam tsirara don ya riƙe ruwa. Idan hasken bai isa ba, wani siririn saura na shafen zai maƙale a wurin da ya kamata ya zama fari. Ido ba ya ganinsa, tawada kuwa tana ganinsa. Ga dattinka nan.

Shi ya sa na fi zargin ƙwan fitilar akwatinka. Ka sayi akwatin na hannu, kuma ina kyautata zaton ba ka canza ƙwan ba tun da ya shigo shago. Waɗannan ƙwayayen suna tsufa ta hanyar da ke yaudarar mutane: hasken da kake gani yana nan fes har ya kashe ido, amma hasken UV, wanda ido ba ya gani kuma shi ke yin aikin, ya ragu ƙwarai. Ga kuma halin wutarmu. Minti ukun da ka saba ƙirgawa a kan wutar gari ba ɗaya yake da minti uku a kan janareta mai tari ba. Abin da ya sa akwatuna masu kyau ke da na'urar da ke auna yawan hasken da ya sauka, ba agogo kawai ba. In taka ta mutu, nemi tsirin gwajin Stouffer mai matakai 21, ka manna shi gefen fim, ka haska, ka wanke da ruwan kamfani, ka duba mataki na nawa ne ya fita fari tas. Kamfanin da ya yi farantin yana faɗin matakin da ake so, sai ka ƙara ko ka rage lokaci har ka kai. Ka goge gilashin akwatin, ka tabbata famfon da ke zuƙe iska yana matse fim da faranti sosai. Ruwan wankin ma ka rufe shi bayan aiki, don iska na rage masa ƙarfi.

Yanzu ga soda. Kullum sai na ci karo da wannan magana, daga Shomolu har Mushin, kuma masu yaɗa ta da gadara suke yi, wai sirrin tsofaffin hannu ne. Babu wani sirri. Sodar nan ita ce dai wadda mata ke haɗa sabulu da ita, kuma aikinta ɗaya ne: ta cinye abin da ta tarar.

Ka ɗauki sabon faranti ka shafa bayansa, ka shafa gabansa. Bayan sulɓi ne, gaban kuwa an yi masa kaushi mai laushi da gangan, sannan an tayar masa da wani ɓawo mai tauri ta hanyar lantarki a cikin ruwan asid. Kaurin ɓawon nan kusan kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, amma shi ne ke riƙe ruwa, shi ne kuma ke hana rola da bargon roba cinye farantin. Ruwan wanki na kamfani shi ma yana da kaifi, sai dai an haɗa shi da sinadarin silikat, wanda ke ɗebe shafen da haske ya kashe ya kuma kare wannan ɓawon. Soda ba ta da wannan bambancewa. Za ta cire sauran shafen da ya maƙale, shi ya sa ka ga datti ya ragu ka ɗauka ka dace. A daidai lokacin tana gutsurar gefen haruffa, tana rage ƙananan ɗigogin hoto, tana narkar da ɓawon. Rubutun da ya rage ya riga ya yi rauni tun kafin ka ɗaura shi a inji, ga shi yana gogewa. In ka ƙara ta, ɓawon zai tafi gaba ɗaya, farantin ya kasa riƙe ruwa, datti ya dawo ya fi na farko. Daga nan sai mai ba da shawarar ya ce farantin ne jabu. A zafin Legas abin ya fi muni, domin an tsara ruwan wanki ya yi aiki a wajen digiri 23 zuwa 25, kuma duk yadda ya ɗumama haka kaifinsa ke ƙaruwa.

Asarar faranti mai sauƙi ce. Abin da ke ɓata min rai shi ne abin da take yi wa mutum. Ka tambayi yaronka, zai ce maka in ya sa hannu yana jin santsi kamar sabulu. Santsin nan kitsen fatarsa ne sodar ke narkarwa. Ba ta yin zafi nan take kamar asid, shi ya sa ake raina ta, sai bayan sa'o'i fata ta yi ja, ta tsage, gefen farce ya fara ciwo. A ido kuwa ba ta ba da lokaci. Ɗigo ɗaya ya fantsama lokacin da ake girgiza faranti a tire, cikin mintuna kaɗan ta ratsa cikin ƙwayar idon, kuma gani na iya tafiya ba dawowa. Idan aka zuba ruwa a kan garinta tana yin zafi har ta tofo. Idan ta haɗu da alminiyam tana fitar da iskar haidurojin mai kama wuta, a shagon da babu taga, ga janareta a bakin ƙofa, ga galan ɗin fetur a gefe. Sannan a ina ake ajiye ruwan da aka jiƙa? A robar ruwan sha ko kwalbar lemo, a ƙarƙashin tebur. Ruwan ba shi da launi. Yaran da ke shan ruwan soda bisa kuskure, maƙogwaronsu ya ƙone ya tsuke har su kasa haɗiyar abinci, likitocin ƙasar nan sun san su da kyau.

Kuma don Allah a daina maganar madara. In soda ta taɓa ido ko fata, ba madara, ba manja, ba man goge baki, ba lemon tsami wai don ya kashe kaifinta. Ruwa mai tsabta ne, mai gudu, a buɗe idon a yi ta kwarara aƙalla rabin awa, sannan a nufi asibitin da ke da likitan ido, ko LASUTH a Ikeja ko LUTH a Idi-Araba. In an sha ta, kada a sa mutum amai, a wuce asibiti kai tsaye. Gwangwanin madarar da wasu iyayen gida ke saya wa yara bayan aiki, wai tana wanke guba, ba ya wanke komai. Kuɗin ya fi amfani a safar hannu ta roba mai kauri da tabaran kariya.

Akwai ƙananan abubuwa da za ka duba bayan ka gyara haske. Kana shafa ƙaro bayan wanki? Da yawa sun daina, wai ɓata lokaci ne. Tun da Alois Senefelder ya ƙirƙiro wannan hanyar ɗab'i a Jamus a 1796, a kan dutsen Solnhofen yake aiki, da ƙaro yake kare wurin da ba ya so tawada ta kama. Dutse ya tafi, alminiyam ya zo, farantin da ke zuwa da shafensa daga kamfani ya shigo a farkon shekarun 1950, amma har yau ana shafa ƙaro ko gam ɗin da aka yi don ya maye gurbinsa. Ƙaron nan kuwa irin wanda ake tsinta a Borno da Yobe da Jigawa ne. A laimar Legas, farantin da aka wanke aka bari tsirara yana iya yin tabo kafin gari ya waye. Shafi ɗaya siriri ya isa, a goge ya bushe. Ruwan da inji ke jiƙa faranti da shi kuma ma'aunin tsaminsa (pH) ya tsaya tsakanin 4.8 da 5.5, takardar gwaji ba ta da tsada. Kwalin faranti kada ya kwana a ƙasa ko kusa da rufin kwano.

Kalandar da ka karɓi kuɗinta kuwa, shawarata kada ka haska ta a shagonka. Aiki ne mai launi huɗu da hotunan ɗalibai, ba wurin gwaji ba ne. Ɗauki fayil ɗin PDF ka kai Shomolu wurin masu CTP, inda hasken leza ke rubuta aikin kai tsaye daga kwamfuta zuwa faranti ba tare da fim ba. Fasahar ta fara bazuwa ne tun baje kolin drupa na 1995 a Jamus, inda Kodak da Creo suka nuna faranti mai aiki da zafin leza, yanzu kuma ta zama ruwan dare. Faɗa musu girman GTO ɗinka da kaurin farantin da yake ɗauka, ka duba launuka huɗun a kan tebur kafin ka biya. Akwai ma farantai irin su Sonora na Kodak da ba a wanke su da komai, a kan inji ruwa da tawada ke ɗebe shafen. In aikinka ya yawaita, wannan ce hanyar da ta fi dacewa da kai, don ta raba shagonka da tiren wanki gaba ɗaya.

Yaron nan, ɗan'uwa, iyayensa sun miƙa maka shi ne ya koyi sana'a, kuma da hannu da ido ake yin ta. Amana ce a wuyanka, za a tambaye ka. Ba ka sani ba a da, yanzu ka sani. Kai shi asibiti a duba hannun tun bai zama gyambo ba, kai za ka biya, kuma kada ya taɓa ruwan wanki ko man wanke rola sai ya warke. Sauran ruwan sodar kada ka tuttula a kwatar unguwa inda yara ke wasa. Sa shi a jarkar roba mai murfi, ka rubuta a jiki da manyan baƙaƙe, ka ajiye inda hannun yaro ba ya kaiwa har ka miƙa wa masu kwasar sharar sinadarai. In ka canza ƙwan ka yi gwajin tsirin, rubuto min matakin da ya fita da sunan farantin, mu daidaita lokacin tare.