Sulallan Rumawa a hannun dillali: tsufa ba shi ne kuɗi ba

Tambaya: Ina zuwa Alƙahira saro kaya. Wani dillali ya nuna mini tsofaffin sulalla talatin, ya ce na Rumawa ne, sun haura shekara 1,700, wai Turawa na sayensu da tsada. In saya in ajiye? Yaya zan gane na gaskiya?

Alhaji, shawarata ita ce kada ka taɓa jarinka a kan wannan ciniki, ko da sulallan na gaskiya ne.

Masar ta haramta cinikin kayan tarihi da fitar da su tun dokarta mai lamba 117 ta 1983. Idan na gaskiya ne, kana iya kwana a hannun hukuma daga filin jirgi. Idan jabu ne, kuɗinka sun tafi. Ta kowace fuska kai ke da asara, dillali kuwa ya riga ya ƙirga nasa.

Sai batun tsufa, wanda shi ne ke ruɗin mutane. Rumawa sun buga kuɗi ba adadi, har gobe manoma na tono su cikin tukwane a Turai. Ƙananan sulallan tagulla na zamanin sarki Kwanstantin da 'ya'yansa, na shekarun 300, 'yan daloli kaɗan ake sayar da su. Abin da ke ɗaga farashi shi ne ƙarancin irin sulen, da ƙarfen da aka yi shi da shi, da fitowar fuskar sarki da rubutun sarai, sai kuma takardar asali mai nuna hannayen da ya bi. Wannan takarda ta fi komai nauyi. A 2020 an yi gwanjon wani sulen zinariya na Burutus, ɗaya daga cikin waɗanda suka kashe shugaban Rumawa Yuliyas Kaisar, a Landan, wanda aka buga don tunawa da wannan kisa, ya haura fam miliyan uku. Daga baya aka gano takardunsa na ƙarya ne, a 2023 aka mayar da shi ƙasar Girka. Sulen na gaskiya ne fa, takarda ce ta kashe cinikin.

Amma tunda ka tambayi yadda ake ganewa, ga abin da za ka duba.

Fara da sikeli, irin na masu sayar da gwal. Dinariyus na azurfa (sunansa ne ya zama dinari da muka sani a littattafan fiƙihu) yana kusa da giram 3.9 a zamanin sarki Agustas, sarki Nero ya rage shi zuwa kamar 3.4 a shekarar 64 Miladiyya. Solidus na zinariya da Kwanstantin ya fito da shi giram 4.5 ne, kuma zinariya ba ta yin tsatsa, don haka in ya yi nisa da wannan awo, akwai magana. Idan maganaɗisu ya ja shi, mayar wa mai shi.

Sannan ka juya gefensa. Rumawa bugu suke yi, ba zubi ba: a ɗora ƙarfe tsakanin hatimi biyu a sauke masa guduma. Shi ya sa na gaskiya ba ya zama da'ira cif, zanen ma yakan karkace. Mai arhar jabu kuwa zubi yake yi, sai ka ga siririn layi ya zagaye gefen inda rabi biyu suka haɗu, ko sawun zarto inda aka goge layin, ga 'yan ramuka kamar kumfa, haruffa sun yi laushi kamar sabulun da ya sha ruwa. Cikin talatin ɗin nan, jera su a faranti. In ka samu biyu masu kama ɗaya sak, har da tsagewa da lotsawa a wuri guda, to uwa ɗaya ta haife su a maƙerar jiya.

Rubutun ma yana magana. IMP da AVG laƙaban sarki ne, SC kan fito a bayan manyan na tagulla, a na ƙarshen daular kuma ƙasan sulen na ɗauke da garin da aka buga shi, kamar ALE na Iskandariyya. Shafin OCRE a intanet, kundin sulallan daular Rumawa, kyauta ne, kana iya kwatanta hoto da rubutu da awo.

Roƙona ɗaya: kada ka wanke, kada ka goga a dutse yadda ake gwada gwal. Koren nan da ya lulluɓe tagulla shi masu saye ke biya, in ka kankare shi ka kankare kuɗin. Kuma duk wannan dubawa jabun kasuwa kawai take kamawa. Akwai na ƙwararru da ake bugawa da hatimi, waɗanda sukan wuce idon manyan dillalai.

Idan sha'awa ce, sayi ɗaya mai arha daga gidan gwanjo mai rajista, wanda zai ba ka rasiti da hoto da alkawarin mayar da kuɗi in ya fito jabu. Idan riba kake nema, tambayi kanka wa zai saya a hannunka in ka dawo gida. Mai gwal awon ƙarfe kawai zai biya ka, gidajen gwanjon Turai kuma abin da za su fara tambaya shi ne takardar da dillalinka ba shi da ita.