Amsa ga Hajiyar da ɗanta ke son aikin famfo

Assalamu alaikum. Hajiya, tun daren jiya na ga tambayarki, sai yanzu da na tashi daga shantiye, wato wurin aikin gini, na samu zama. Kin ce yaronki shekarunsa 15, ya yi shekara biyu a koleji karatun bai karɓe shi ba, kuma ya kafe shi aikin famfo yake so. Kawunsa na cewa a miƙa shi hannun wani maigida ya koya kamar yadda kowa ya koya, ke kuma kin ji ana cewa yanzu sana'a sai da takarda. To ni wannan aikin nake ci da shi nake sha fiye da shekara ashirin a nan Damagaram, yara da dama sun bi ta hannuna, kuma ba ni da takardar ko ɗaya. Don haka ki saurare ni da kyau idan na ce miki: ki sa shi a cibiyar koyon sana'a, kuma kada ki bari ya rabu da atiliye ko na wata guda.

Kawunsa ba ƙarya ya yi ba, haka muka koya. Ni mahaifina ne ya kama hannuna ya kai ni wurin wani dattijo a Zango, aka yi addu'a, aka raba goro, shi ke nan na zama yaronsa. Shekarar farko ban taɓa haɗa tiyo ba. Aikina ɗaukar akwatin kayan aiki, fasa bango da guduma da kurfi, da zuba mai a bakin ƙarfe lokacin da maigida ke yanka masa zare. A lokacin tiyon galba ake yi, ƙarfe mai nauyi. Za ka ɗaure shi a maƙwalla, ka juya abin yanka zaren da ƙarfin kafaɗa har tafin hannu ya yi kanta, ka naɗa zaren rama, ka shafa fenti, ka ɗaure da kile biyu. Maigidana ba ya bayani. In ka yi daidai ya yi shiru, in ka yi kuskure ya kwance ya miƙo maka ka sake. Allah ya jiƙansa, da ido da kunne kawai yake gane inda ruwa ke zuba a cikin bango, kuma abin da na samu a wurinsa babu makarantar da za ta ba ni shi.

Sai dai aikin da ya koya mini ba shi ne aikin da ake yi yau ba. Galba ya ja baya. PVC mai kol ya shigo, tiyon roba baƙi na binnewa a ƙasa ya shigo, sannan PPR, wannan koren ko farin da ake narka bakinsa da inji a haɗa. Ranar da na fara aiki da PPR babu wanda ya koya mini, kallo na yi a wani shantiye na sayi injina. A ganina tunda wuta ce ke haɗa shi, to a bar shi ya narke sosai ya fi kamawa. Na yi wa wani bawan Allah banɗaki biyu a sabon gidansa, aka shafe bango, mai karo ya zo ya manna karonsa masu tsada. Da aka saki ruwa, dush ɗin ɗaya sai ɗigo yake kamar hawaye. Kwana biyu ina neman dalili. Ƙarshe muka fasa karo, na yanke wani kud, wato mahaɗin tiyo mai lanƙwasa, na duba cikinsa, sai ga robar ta narke ta taru ta toshe hanya, ramin da ya rage bai fi ƙwayar gero biyu ba. Kuɗin karon daga aljihuna ya fita, kuma mutumin bai sake kirana ba, ban kuma ga laifinsa ba.

Wanda ya warware mini matsalar wani yaro ne da bai kai shekara ashirin ba, ya zo istaj, wato gwajin aiki, wurina daga cibiya. Ya buɗe littafinsa ya nuna mini abin da malaminsu ya rubuta musu: injin ya kai zafi digiri 260, tiyo mai lamba 20, wato kaurin milimita 20, daƙiƙa 5 a wuta, mai lamba 25 daƙiƙa 7, mai 32 daƙiƙa 8, ka sa alama da fensir iya inda zai shiga, ka tura shi miƙe ba tare da murɗawa ba. Layi huɗu a littafin yaro. Ni kuwa sai da na yi asarar aikin sati da sunana a wancan gidan kafin na sani.

Ga yadda tsarin yake yanzu, a taƙaice. Abin da a da ake kira CFDC shi ne ya koma CFM, cibiyar koyon sana'o'i, kuma a shekarun mulkin Mahamadou Issoufou, daga 2011 zuwa 2021, aka yi ta buɗe su da nufin kowace komin ta samu tata. Su ne ƙofar yaron da karatun boko ya tsaya masa, ana yin kamar shekara biyu a fita da takardar CQP, shaidar ƙwarewa a sana'a. Akwai CET, kolejin fasaha, wadda ke ɗaukar yara bayan CM2, ajin ƙarshe na firamare, su yi shekara huɗu su nemi CAP, takardar iya sana'a. Mai BEPC, takardar gama koleji, kuma yana iya shiga CFPT, cibiyar koyon sana'a da fasaha, ya fito da takardar sana'a ta BEP, daga nan hanya a buɗe take zuwa sama ga mai himma. Sannan akwai asusun FAFPA, wanda ke tallafa wa koyon sana'a irin na raba ƙafa: yaro yana atiliyen maigidansa mafi yawan lokaci, wasu ranaku kuma ya je cibiya a koya masa lissafi da dalilin abin da hannunsa ke yi. Ga yaro irin naki, CFM ko wannan na raba ƙafar su ne suka fi kusa. Amma ba kowace cibiya ce ke da sashen famfo ba, wata ɗinki ne da walda da wutar lantarki kawai, don haka sai an taka an gani.

Dalilin da ya sa na dage a kan cibiya shi ne garin nan namu ba ya yafe wa mai aikin ka-cici-ka-cici. Damagaram a kan dutse take zaune, ruwanta daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Machaya, daga Arunguza, daga Ganaram. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake ambata na mayar da babban birnin ƙasa zuwa Yamai a 1926, kuma har yau duk wanda ya yi bazara a Garin Malam ko Karkada ya san darajar bido ɗaya a hannun ɗan garuwa. A unguwanni da yawa ruwan tsakar dare yake zuwa, mutane na barci. Shi ya sa rabin aikinmu a nan na tanki ne da shato, wato tankin da ake ɗagawa sama. In ba ka sa abin da ke rufe ruwa idan tanki ya cika ba, ko ka sa shi a karkace, ruwan da aka yi kwana uku ana jira zai kwana yana malala a titi, ga kuma kuɗinsa a takardar wata. In ba ka sa abin hana ruwa komawa baya ba, abin da ka tara sai ya sulale ya koma layi da zarar an ɗauke.

Kuma duk wannan lissafi ne. Tanki mai lita 1000 in ya cika nauyinsa tan guda ne, ban da nauyin tankin. Na ga an ɗora irinsa a kan rufin da bai fi ƙarfin ɗaukar mutum biyar ba. Ƙarfin ruwa kuma daga tsawo yake zuwa: mita 10 ne ke ba da bar ɗaya, ma'aunin ƙarfin ruwa. Maigida zai ɗora tanki a kan rufin ɗaki, tsakaninsa da kan dush bai fi mita ɗaya da rabi ba, sannan ya kira ka ya ce aikinka bai yi kyau ba ruwa ba ƙarfi. Wanda ya san lissafin tun kafin a sayi bulo zai ce masa Alhaji, ko dai a ɗaga shaton, ko a sa injin ƙara ƙarfi, ko a ƙara faɗin tiyo a rage lanƙwasa. Haka tiyon ƙazanta, gangarensa santimita 1 zuwa 2 ne a kowace mita. In ya kwanta ƙazanta ta zauna, wari ya cika gida. Mu da ido muka koyi wannan bayan mun ɓata gidajen mutane da yawa. Yaron cibiya a watanninsa na farko ake rubuta masa shi a allo.

Sai maganar takardar kanta, wadda ita ce ta fi ci mini rai. Aikin gida-gida, gyaran robine da toshewar lababo, babu mai tambayarka diplom, kuma ba na ganin za a fara nan kusa. Amma aikin da ke sa mutum ya gina gidansa ba nan yake ba. Yana wurin kwangilar makarantu da asibitoci, da rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana da ake ta yi a karkara, da manyan ma'aikatu irin matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011. Shekarun baya wata ƙungiya ta nemi masu aikin famfo don banɗakunan makarantu a wasu ƙauyuka. Na je da hotunan ayyukana a waya. Ma'aikacin ya karɓe ni da mutunci, ya ce shi ma ya san aikina, amma takardun neman aikin sun ce sai an haɗa da kwafin diplom, kuma ba shi da ikon tsallake wannan layin. Wanda ya samu aikin yaro ne mai CAP. Bayan sati biyu ya zo har gida ya ɗauke ni aikin a kan kuɗin yini. Ni na shimfiɗa tiyon, shi ya sa hannu a takarda, kuma ba sai na faɗa miki wanda ya kwashi kaso mai tsoka ba. Ban riƙe shi a zuciya ba, yaron kirki ne, shi ya iya karanta zanen gini da rubuta dabi, wato ƙiyasin kuɗin aiki, ni ban iya ba a lokacin. Amma a daren na yi wa kaina alkawarin duk yaron da ya zauna a hannuna sai ya je ya nemo takarda.

Kada kuma ki ɗauka cibiya kaɗai ta isa. Na karɓi yara masu takarda da ba su taɓa fasa bango ba. A aji ɗalibai da yawa ne a kan inji ɗaya, kayan gwaji ba sa isa, wani sai ya gama shekara bai haɗa tiyo ya kai sau goma ba. Kuma tiyon aji a kan tebur yake, a fili, a inuwa. Na gida yana ƙarƙashin siminti, a Birni ma cikin katangar ƙasa mai kauri wadda in ruwa ya jiƙa ta daga ciki sai dai a wayi gari ta zube. A shantiye ne yaro zai koyi cewa robar da aka bari a ranar Damagaram tana ƙonewa ta yi ƙarau, dole a binne ta ko a lulluɓe. A nan zai koyi cika layi da ruwa ya bar shi ya kwana kafin ya yarda a shafe bango. A nan zai san iyakarsa: daga kwantar, wato mitar ruwa, zuwa cikin gida namu ne, daga kwantar zuwa titi na kamfanin ruwa ne, wanda tun farkon 2024 NDE ce a madadin SEEN, kuma duk wanda ya ce ya taɓa masa wancan ɓangaren a ɓoye yana neman jefa shi cikin bala'i ne.

Akwai kuma abin da nake so ki ja masa kunne a kai tun yanzu. Mai famfo yana shiga inda aminin maigida ma ba ya shiga, har banɗakin uwargida, sau da yawa maigidan ba ya nan. Ido a ƙasa, hannu a kan aiki, abin da ya gani a gida ya bar shi a gidan. Na sallami yaro mai hannu sosai saboda wayar da ta ɓace a wani gida, kuma har yau ina jin zafin abin. Wannan dalilin ne ma ya sa nake murna da 'yan matan da suka fara shiga sana'ar, akwai gidajen da su za a fi sakin jiki da su.

Abin da za ki yi, ki tura kawunsa meri ko ofishin koyar da sana'o'i na jiha ya tambayi cibiyar da ke da sashen famfo da lokacin ɗaukar ɗalibai. Ya tafi da takardar haihuwar yaron da takardun lakwal ɗinsa. In ya je kada ya tsaya a ofishin darakta, ya nemi a nuna masa ɗakin aikin, ya ga ko akwai injin PPR da ke aiki, ya tambayi ɗalibai sau nawa suke taɓa kaya a sati, ya kuma tambaya wace takarda ake bayarwa a ƙarshe, ta jarabawar gwamnati ce ko shaidar halarta ce kawai, don ba ɗaya suke ba a wurin masu ɗaukar aiki. Maigidan da za a haɗa shi da shi kuma a faɗa masa tun ranar farko cewa yaron zai riƙa zuwa cibiya. Wanda ya ɓata rai da jin haka ɗan aike yake nema, a nemi wani.

Kayan aiki kada ki wahalar da kanki yanzu, na maigida sun ishe shi. Ki saya masa mitar awo mai mita 5, da fensir, da ƙaramin littafi da zai shiga aljihu, duk aikin da aka yi a gabansa ya rubuta lambar tiyo da tsawonsa da kuɗinsa. In kuma kuna so, kawun nasa ya yi mini magana ta akwatin sirri, ranar Asabar ina da aikin ɗora tanki a Sabon Gari, ya zo da shi ya yini tare da mu mu ga yadda yake riƙe kile. Allah ya yi masa albarka.