Luwizar da Aka Kawo Daga Fas: Za a Iya Ba Jariri?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Maigidana ya je ziyara Fas, ya kawo mana tsarabar wani busasshen ganye mai ƙamshin lemun tsami, wai shi luwiza. Ya ce a Maroko har jarirai ake jiƙa wa idan cikinsu na murɗawa. Ɗana watansa biyu, kwana yake yana kuka. In ba shi? Sannan surukata tana da hawan jini, ita ma tana son ta riƙa sha.
Mai jego, daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam. Barka da arziki 'yar uwa, Allah Ya raya mana, Ya karɓi ziyarar maigida.

Kada ki ba yaron nan luwiza. Gaskiya ne iyaye mata a Maroko suna yi, amma cikin ɗan wata biyu nono kaɗai ya sani, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har wata 6 ko ruwa kada a haɗa masa. Duk cokalin shayin da ya sha ya tare wurin nono, ga kuma ƙwayoyin cutar da kan biyo ruwa ko kofi su jawo gudawa. Irin wannan kukan yakan tsananta wajen sati 6, ya lafa da kansa a wata na 3 zuwa na 4. Bayan ya sha nono ki ɗora shi a kafaɗa ya yi gyatsa, ki shafa masa ciki a hankali, ki goya shi ki zagaya tsakar gida. Na san rashin barci na galabaitar da mai jego, don haka maigida ma ya karɓe ki wani dare.

Ganyen kuwa ina sonsa ƙwarai. Asalinsa Kudancin Amurka ne, wajajen Ajantina da Peru, 'yan Sifaniya suka kai shi Turai. An raɗa masa suna ne don girmama Mariya Luwisa, matar Sarki Carlos na 4 na Sifaniya, har sunan ya tsallaka Maroko. Ba shi ne ciyawar lemun da muke jefawa a tukunyar shayi ba, duk da cewa sinadari ɗaya ne, citral, ke ba su ƙamshi. Luwiza ƙaramin itace ne, ganyensa siriri mai ɗan kaushi, yana fitowa uku-uku a jikin reshe.

Hukumar Magunguna ta Turai ta amince da shi a matsayin maganin gargajiya a wuri biyu: kumburin ciki da iska, sai kuma 'yar damuwar da ke hana barci. Ta dogara ne da daɗewar da mutane suka yi suna sha, don haka taimakonsa mai sauƙi ne, kada a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Babba zai zuba cokalin shayi ɗaya ko biyu a kofi, ya kwara tafasasshen ruwa, ya rufe na minti 5 zuwa 10. Rufewar nan ita ce sirrin. Idan aka bar shi yana tafasa a kan wuta kamar shayin citta da kanumfari, man da ke cikinsa tururi zai bi, a sha ruwa kawai. Ke dai ki dakata sai kin yaye, domin hukumar ba ta ba masu ciki da masu shayarwa shawarar sha ba.

Hajiya za ta iya shan kofi guda bayan isha'i, ba tare da cika sukari ba. Abin da nake tsoro shi ne ta ji daɗin barci ta ajiye ƙwayoyinta na asibiti. Luwiza ba ya maganin hawan jini, shi kuwa hawan jini ba ya sallama kafin ya kayar da mutum. Idan ciwon ya taɓa mata ƙoda, ko tana shan maganin barci, ta fara tambayar likitanta.

Shi kuma jaririn, da zarar kin ji jikinsa da zafi, ko ya ƙi kama nono, ko ya yi amai kore, ko kin ga jini a kashinsa, ko cikin ya kumbura ya yi tauri, ki kai shi asibiti a daren, kada ki jira gari ya waye.